In rafin ya ƙafe fa?

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu, musamman ku da ke bakin aikin bishara a ƙasashen waje, ku da matanku da 'ya'yanku. Yau ku yi haƙuri da ni. Maganar za ta ɗan yi tsawo, wani wuri kuma za ta yi zafi.

Jiya bayan an tashi sujada wata 'yata cikin Ubangiji ta riƙe mini hannu a bakin ƙofar majami'a. Ita da maigidanta ikkilisiya ce ta ɗora musu hannu ta aike su wata ƙasa, a can ma suka haifi autansu. Kwanakin baya hukumar ƙasar ta ƙi sabunta musu takardar zama, aka ba su wa'adi su tattara su fita. Suka baro 'yan masu bin da ke taruwa a zaurensu ran Lahadi, suka baro ajin yaƙi da jahilci da ta buɗe wa matan unguwa, kayan ɗakinta kuwa rabar da su ta yi don ba halin ɗauka. Yanzu ita da miji da yara suna ɗaki guda a gidan wan mijin. Ta dube ni, ido cike da hawaye, ta ce, "Mama, mun bar aiki, mun bar dangi, mun tafi inda ya ce mu tafi. To me kuma muka yi masa?"

Rungume ta kawai na yi, muka yi addu'a. Bakin ƙofa ba wurin dogon bayani ba ne, mai kuka kuma lallashi yake buƙata tukuna. Amma tambayar ta bi ni har gida ta hana ni barci, don ba a bakinta na fara jin ta ba. Na ji ta a bakin fastoci masu furfura. Na ji ta a saƙon murya da tsakar dare daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Zafin da ke cikinta na gaske ne, ban raina shi ba. Sai dai a ƙarƙashin zafin akwai wani abu da muke ɓoyewa, gara mu fito da shi fili.

Da yawanmu ciniki muka yi da Allah ranar da aka aike mu. Ba wanda ya furta. Da baki dai cewa muka yi za mu bi shi ko'ina, zumuntar mata ta yi waƙa, dattawa suka ɗora hannu, kowa ya ce amin. Amma can cikin zuciya akwai wata takarda da muka riga muka rubuta. Shekara biyu na farko koyon harshe. Ta uku a fara taron addu'a. Ta biyar a sayi fili, ta bakwai a ɗora kwano a kan majami'a. Yara su gama makaranta a wuri ɗaya ba tangarɗa, mu kuma mu dawo gida da furfura a yi mana sujadar godiya. Muka ɗauka tun da mun biya da biyayya, dole a miƙo mana kayan daidai yadda muka zaɓa. Shi ya sa ranar da al'amari ya sauya, zuciya ba ta tsayawa a kan "Ubangiji, na ji ciwo," sai ta zarce zuwa "Ubangiji, ka cuce ni." Ku duba da kyau, 'yan'uwana. Takardar nan ku kuka rubuta ta, ku kuka sa mata hannu. Ina sa hannun Allah a jikinta? Abin da ya faɗa a ƙarshen Matiyu 28, bayan ya ce a tafi, shi ne yana tare da mu kullum har matuƙar zamani. Bai ambaci sunan gari ba, bai faɗi yawan shekaru ba.

Ku buɗe 1 Sarakuna 17 ku karanta a hankali. Wa ya aiki Iliya rafin Kerit? Allah da kansa. Ba kwamiti ne ya tura shi ba, ba kuma ra'ayin kansa ya bi ba. An faɗa masa wurin, an faɗa masa abin da zai sha, an ce hankaki za su ciyar da shi, suka kuwa riƙa kawo masa gurasa da nama safe da yamma. Idan akwai mutumin da ya tabbata yana daidai inda Allah ya ajiye shi, to Iliya ne. Sai aya ta 7 ta ce bayan wani lokaci rafin ya ƙafe, saboda ba a yi ruwa a ƙasar ba. Rafi kuwa ba ya ƙafewa dare ɗaya. Duk wanda ya tashi a karkara ya sani: yau ruwa ya ja baya, gobe ya koma kududdufi, jibi sai an tona yashi. Mutumin Allah yana zaune yana kallon abin da Allah ya ba shi yana raguwa a idonsa, kuma Nassi bai nuna an ce masa uffan ba sai a aya ta 8, bayan ruwan ya ƙare. Wane zunubi Iliya ya yi? Babu. Farin ma da ya ƙafar da rafin, shi ya yi shelarsa a gaban Ahab da sunan Ubangiji.

Sannan ku ga inda aka tura shi. Zarefat, a yankin Sidon, ƙasar mahaifin Yezebel, matar da ke farautar annabawa. Wurin wa? Wurin gwauruwa da ke tsintar itace don ta dafa ɗan garin da ya rage mata, ita da ɗanta su ci su jira mutuwa. Da a gaban kwamitin mishan aka ajiye wannan shiri, wa zai amince? Amma a gidan nan garin bai ƙare ba, man bai ƙare ba, a nan aka ta da yaro daga matattu, har Yesu ya ambaci matar a majami'ar Nazarat. Da Iliya ya nace ya zauna a bakin busasshen rafi yana cewa "ai nan Allah ya ce," da ƙishirwa ta kashe shi a wurin da Allah ya riga ya sallame shi.

Mu kuwa a 'yan shekarun nan rafuka nawa muka ga sun ƙafe? A watan Maris na 2020 aka rufe filayen jiragen sama saboda korona, sai Satumba jiragen waje suka dawo sauka a Najeriya. Wanda ya zo hutu ya maƙale a nan, wanda ke can ya maƙale a can. Ranar 15 ga Afrilu 2023 mutanen Kartum suka wayi gari da ƙarar manyan bindigogi, 'yan Najeriya da ke can aka kwaso su cikin motocin bas, suka yi kwanaki a iyakar Masar kafin a bar su su wuce. Ranar 26 ga Yuli na shekarar sojoji suka karɓi mulki a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka a Jibiya da Illela da Maigatari, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, ba a buɗe hanya ba sai Maris na 2024. Mai bisharar da ya saba tasowa daga wajen Maraɗi da safe ya shigo ya duba ɗansa a makarantar kwana, ya wayi gari hanyar da ya sani ta toshe wata da watanni.

Ga kuma wadda ba a harba bindiga ba amma ta taɓa tukunyar kowa. A farkon Yunin 2023 dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. Kafin Fabrairun 2024 ya fita ta haura 1,500. Mai bisharar da ke ƙasar sefa, tallafinsa da naira ake tara shi, daga baikon ikkilisiya da gudummawar zumuntar mata da ta 'yan'uwa ɗaiɗaiku. Sefa kuwa ɗaure take da yuro, ba ta faɗi tare da naira ba. Wato a gida ba wanda ya rage ko kwabo daga abin da ya saba bayarwa, amma in bawan Allah ya je wurin mai canji, jikkunan da ake miƙo masa sun ragu da fiye da rabi. Kuɗin haya bai sauka ba, kuɗin makaranta bai sauka ba, gero bai sauka ba. A irin wannan dare ne, mutum yana lissafi da fitilar waya, Shaiɗan ke matsowa da tambayarsa: anya Allah ne ya kira ka kuwa?

Ku amsa masa da Nassi, kada ku amsa masa da abin da ke aljihu. Manzo Bulus ma an tare masa hanya, kuma ba gwamnati ce ta tare ba. A Ayyukan Manzanni 16 ya nufi Asiya da bishara, Ruhu Mai Tsarki ya hana shi. Ya juya zai shiga Bitiniya, Ruhun Yesu bai yarda ba. Shi da Sila da Timoti suka yi ta tafiya, ɗaruruwan kilomita, ba su san inda za su ba, har hanya ta ƙare musu a bakin teku a Taruwasa. A nan ya ga wahayin mutumin Makidoniya. To da suka bi wahayin suka isa Filibi, shimfiɗa aka yi musu? Mata suka samu a bakin kogi, cikinsu har da Lidiya, bayan haka aka tuɓe Bulus da Sila aka yi musu dūka aka jefa su kurkuku. Hanyar da Allah ya buɗe da kansa ke nan. Asiyar da aka hana shi kuwa, daga baya ya zauna a Afisa shekara biyu yana koyarwa har dukan mazaunan Asiya suka ji maganar Ubangiji. Lokacinta ne bai yi ba a karon farko.

Amma tun da maganar iyali muke yi, ku zo ga Akila da Bilkisu. Ina son ma'auratan nan ƙwarai. Suna zaune a Roma suna sana'arsu ta ɗinkin tanti, sai Sarki Kalaudiyas ya ba da umarni dukan Yahudawa su fita daga birnin. Dokar mai mulki ce, ba ruwanta da ko kai mutumin kirki ne. Suka sauka Koranti baƙi, suka sake kafa sana'a daga tushe. A nan Bulus ya same su ya zauna a gidansu. Suka tashi tare da shi zuwa Afisa, a can suka jawo Afolos gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Ka karanta 1 Korantiyawa 16:19, akwai ikkilisiya a gidansu. Ka je Romawa 16, sun koma Roma, har ila yau akwai ikkilisiya a gidansu. Mace ta san abin da wannan yake nufi: ɗaure kaya, kwance kaya, sabuwar rijiya, sabuwar kasuwa, sababbin maƙwabta da sai an koyi halinsu. Sau nawa Bilkisu ta yi haka? Amma duk inda ta ɗora tukunya, nan jama'ar Allah ke taruwa. Kalaudiyas ya iya raba su da Roma, bai iya raba su da aikin da aka ba su ba.

Da yawanmu 'ya'yan ikkilisiyoyin Arewa ma daga shirin da ya rushe muka fito. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar da a lokacin Turawa ke kira Sudan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare an binne Gowans a Girku, cikin jihar Kaduna ta yau, an binne Kent a Bida. Bingham, wanda zazzaɓi ya kwantar a Legas, ya koma Kanada hannu rabbana. Ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake kayar da shi aka mai da shi gida. Sai a 1902 aka samu kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ne aka fara ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa a 1948, wadda muka sani yau da EMS, ikkilisiyar ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. To ku koma 1895 ku tsaya. Biyu suna kabari, ɗaya ya koma gida ba ko ikkilisiya guda da zai nuna. Da mu ne dattawan da suka aike su, me za mu rubuta a rahoto?

A Habasha kuma, a 1937 Italiyawan da suka mamaye ƙasar suka tilasta wa 'yan mishan na SIM barin yankin Wolaita. Masu bin da aka yi wa baftisma da suka baro ba su kai 50 ba, abin da ke hannunsu na Nassi a harshensu kuwa bai wuce Bisharar Markus da 'yan ayoyi ba. Bayan tafiyarsu aka yi wa masu bin nan bulala, aka ɗaure wasu. Da hanya ta buɗe bayan 'yan shekaru 'yan mishan suka dawo, wajen masu bi 10,000 suka tarar. Wa ya yi wannan aiki? Mutanen da aka ɗauka ba za su iya tsayawa ba in Bature ba ya nan. Ɗana mai bishara, kai da ke kwana kana juyi don tunanin 'yan mutanen da ka baro a zaure, wannan maganar taka ce. Ka ƙaunace su, ka kira su a waya, ka yi musu addu'a da suna. Amma ba kai ka mutu dominsu ba. Muryar nan da ke raɗa maka cewa in ba ka nan komai zai watse, ka bincike ta da kyau, akwai girman kai a cikinta. Makiyayinsu ba ya buƙatar biza.

Sai dai a nan ma zan ja muku kunne, don na san halinmu. Da zarar an ba da labarin Habasha sai mu ɗauko biro mu rubuta sabuwar takarda: to shi ke nan, Allah ya hana ni wannan ne don ya ba ni wadda ta fi ta, nan da shekara biyar ni ma zan ga nawa dubban. Wannan ma cinikin nan ne, salo kawai ya sauya. Gowans da Kent ba su ga tashar Patigi ba, balle ECWA. Bulus ya rubuta wa Romawa cewa zai biyo ta wurinsu ya wuce Asbaniya, sai ga shi shekara biyu a tsare a Kaisariya, ya shiga Roma da sarƙa, Nassi kuma bai faɗa mana ya taka Asbaniya ba. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakuna, ta kuma lissafa waɗanda aka jajjefe da waɗanda aka tsaga da zarto, duka ta ce an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiya. Don haka ni ba zan yi muku alkawarin da Allah bai yi ba. Mai yiwuwa ku koma ƙasar nan, mai yiwuwa ba za ku ƙara ganinta ba. Mai yiwuwa ku gane dalili nan gaba kaɗan, mai yiwuwa sai a gaban kursiyinsa. Za ku riƙe shi a haka?

Yanzu na juyo gare mu, mu da ke gida, masu aikewa. Mu ma da hannunmu a cinikin nan, kuma namu ya fi muni, don mu ba mu bar komai ba. Muna son mai bishara muddin hotuna suna shigowa ta WhatsApp: ga baftisma a rafi, ga tubali an jera, ga yara a layi. Ranar da ya dawo ba shiri sai gaisuwa ta yi sanyi. Sai a fara, "An ce sun dawo fa." "To, Allah ya kyauta, da ma ni tun farko..." Tun farko me? Faɗa mana! Wasu kuma watan da iyalin suka sauka, watan suke yanke gudummawa, wai ai yanzu ba sa fili. Haba jama'ar Allah! Lokacin da ba su da gida, ba su da aiki, yara ba makaranta, lokacin ne za ku janye hannu? Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna shiru tare da shi, sai da suka buɗe baki neman laifinsa suka ɓata. Mu ko kwana bakwai ɗin ba ma bayarwa. Idan gini da adadi kuke tallafa wa, ku faɗa tun ranar aikewa. Idan kuwa bayin Allah kuka aika, to dawowarsu ba ta cire su daga bautarsa ba.

Ku kuma mazaje, 'ya'yana fastoci, ku ji ni da kyau. Kai ka saba tsayawa gaban jama'a, ko ranka a ɓace yake kana da ayar da za ka jefa. Matarka ta ce tana tsoro, ka ce mata "ina bangaskiyarki?" ka ɗauki Littafi ka fita. Gudun magana ne wannan, kada ka kira shi dogara ga Allah. Ita ta san saura mudu nawa a buhu. Ita ta koyi harshen a kasuwa da bakin rijiya, ta yi ƙawaye da ƙyar, yanzu aka tsinke ta daga cikinsu ba ko sallamar kirki. Zauna ka saurare ta har ta gama. In kai ma tsoron kake ji, faɗa mata, ku durƙusa tare. Mala'ika ya umarci Yusufu cikin mafarki ya ɗauki yaron da uwarsa su gudu Masar, ya tashi da dare suka tafi. Da ya dawo ya ji Arkilayus ke mulkin Yahudiya, Nassi ya ce ya ji tsoro, aka sake juya shi zuwa Galili. Mutumin da aka damƙa wa renon Mai Ceto ya ji tsoro, aka kuma rubuta. Kai wane ne da za ka ɓoye naka? Ke kuma 'yata, kada ki sauke zafin a kan mijinki, kina tuna masa aikin gwamnatin da ya ajiye da gidajen da sa'o'insa suka gina. Shi ma yana wannan lissafin, ko bai faɗa ba.

Yaran kuma, wayyo yaran. Mu manya mu muka ji kira, su ɗaukarsu aka yi. Yaron da ya fara karatu da Faransanci, ya iya lissafinsa sarai, a kawo shi makarantar da ake koyarwa da Ingilishi a mai da shi baya aji ɗaya ko biyu, 'yan ajin suna dariyar yadda yake magana. Ana ce masa "barka da dawowa gida," shi kuwa gidan da ya sani can ya baro shi, da abokansa, da akuyarsa. Kuma kunnensa yana kanku. Abin da kuke faɗa game da Allah da dare, kuna tsammani ya yi barci, shi zai riƙe fiye da abin da kuke koya masa a addu'ar safe. Idan kullum abin da yake ji shi ne an yashe mu, an cuce mu, zai girma yana ganin bautar Allah asara ce. Na ga 'ya'yan masu bishara da suka girma ba sa son a ambaci mishan a gabansu, kuma in ka bi sawu, ɗacin bakin iyaye ya fi talaucin korarsu. Ku gaya musu gaskiya daidai shekarunsu: ba mu san abin da zai biyo baya ba, mu ma muna kewar can, amma Wanda ya kai mu bai bar mu ba. Ku bar su su yi kukansu. Ku ba su waya su kira abokansu.

Kada kuma wani ya fake da maganata ya yi sakaci. Fasfo ya kusa ƙarewa, ka sabunta tun da wuri. Takardun haihuwa da na makarantar yara su zauna a jaka ɗaya da za a iya ɗauka a guje. In da hali, a ajiye ɗan kuɗin mota. Tun ranar farko ka fara koya wa 'yan ƙasa su ja sujada, su riƙe baiko, su yi wa'azi, don ba ka san ranar da za a ce ka fita ba. In shugabannin mishan suka ce ku janye saboda hatsari, ku janye. Bulus ma a cikin kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu da dare, bai tsaya nuna jarumtaka ba. Yaƙubu 4 bai hana mu shiri ba, cewa ya yi mu riƙa faɗin in Ubangiji ya yarda. Kullum kuwa muna faɗa. To ga ranar da bai yarda ba ta zo, me ya sa muke fushi kamar ba mu muka faɗa ba?

Ban ce kada ku yi kuka ba. Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a Zabura 13, ba a kuma cire ta daga Littafi ba. Ubangijinmu a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon har sau uku. Ku kai masa kukan, da fushin ma in akwai, ya fi ku zubar da shi a Facebook. Amma in kun gama, ku ciro takardar nan da kuka ɓoye ku karanta masa ita layi-layi, filin da ba a saya ba, kwanon da ba a ɗora ba, shekarun da kuka ƙidaya, ku ce, Uba, ga ta, mu muka rubuta, mun sakar maka. Ku yi haka ku biyu, da baki, a daren nan. Kada ku jira sai takardar zama ta fito, kada ku jira sai naira ta farfaɗo.

Ku kuma da ke gida, kowannenku ya san iyali guda da suka dawo ba shiri, ko suke can suna fama. Kada ku rubuta mini amin a ƙarƙashin wannan rubutu ku wuce. Ku ɗauki waya. Ku tambaya ko akwai hatsi a gidan, ku tambaya nawa ne kuɗin makarantar yaran. Wanda ya yanke gudummawarsa ya mayar da ita wannan watan. Don Allah, 'yan'uwana, wannan watan.